Kafin Katafila ta Shiga Kufai

Marken Dutsi, ta Faskari
9 ga Janairu, 1977

Zuwa ga jikata Lauratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mijinki Abdulƙarim, wanda ya ƙwace mani ke ban kai ƙara ba, don na san alƙalan yanzu. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ce ta juya mani baya, sallah ma a zaune nake ƙarasa ta. Idanu kuma sun fara yi mani rowa, shi ya sa za ki ga rubutun ya yi girma kamar na ɗan aji ɗaya. Ɗiyata Bilki ta zo daga Ƙanƙara ta duba ni, ta ce in gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin hannuna, tunda rabona da rubuta maki tun rasuwar kakarki Alheri. Kin san halina. Tun ranar da aka sallame ni daga aikin safiyo, aka ɗora yaran da na koya ma jan sarƙar awo a kujerata, ban sake roƙon kowa komai a ofis ba. Yau ga ni ina roƙo, a wurin jika.

Gwamnati za ta gina makarantar horon malamai a kufanmu, wato tsohon garin da aka haife ni, wanda mutane suka bari suka dawo bakin hanya. Makon jiya na je na tarar an kakkafa turaku masu jan fenti a cikin ganuwa, ɗaya har a saiwar tsamiyar nan babba. Lauratu, a gindin tsamiyar nan Innata take kwance. Ita ta haife ni, kuma ita ce gwaggon kakarki, don haka ta ko'ina jininki ce. Ta rasu shekarar annobar mura, ban ko yi famfara ba, mahaifina kuwa fatauci ya tafi bai dawo ba. Gwaggo Larai da ta riƙe ni ita ta nuna mani wurin. Tun daga nan, in dai ina gari, Juma'a ba ta wuce ni ban je na yi mata addu'a ba. Babu dutse, babu alama, kamar yadda muke yi. Tsamiyar ce alamata.

An ce a ofishinku ake zanen aikin, kuma ke kike riƙe da alƙalamin. Abin da nake roƙo ƙarami ne. A bayan ganuwa ta yamma akwai fili shimfiɗaɗɗe, sabara ce kawai a ciki, ba mai noma shi, ba wanda zai zo neman diyya. A matsar da ginin can, a bar mani tsamiyar.

Ba na ƙin makaranta, ni da makaranta ta yi ma riga da wando, ko da yake daga baya ta tuɓe abinta. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake aiki yanzu. A zamaninmu ba a kafa turke sai an zauna an karanta abin da na gaba suka rubuta game da wurin, an buɗe tsohuwar taswira, an tambayi tsofaffi. Yau kuɗin mai ya sa kowa gudu. Mota ta tsaya, babba ya sauke gilashi, ya nuna da baki, shi ke nan an zaɓi fili.

Ki yi abin da za ki iya. In ba za ki iya ba ki faɗa mani, na saba ji.

Kakanki,
Malam Almu

*

Kaduna
25 ga Janairu, 1977

Zuwa ga Kakana Malam Almu,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan gwiwa ta sassauta. Mu nan kowa lafiya. Abdulƙarim ya ce a gaya maka shi bai ƙwace ba, sadaki ya biya, in kana da ja ka zo Kaduna ku yi ta a gabana, amma ka taho da sandarka. Ga man zafi nan na haɗo da takardar, a gasa wurin da ruwan ɗumi kafin a shafa.

Kaka, a ofis na karanta takardarka, sai da na tashi na laɓe bayan kabad don kada a ga idona. Ban taɓa sanin inda Inna take kwance ba, ban kuma san kana zuwa ba.

Na kai maganar wurin shugabanmu, ban sha wuya ba. Da ya ji filin yamma babu diyya, ko zama bai gyara ba ya ce in sake zanen in kai shi can, a aika wa ɗan kwangila. Ni ce na roƙi a ba ni lokaci. Da na buɗe fayil ɗin aikin, ban tarar da komai ba sai takardar ba da fili da ta ba da kwangila. Babu wanda ya duba abin da ke wurin a da. Kai ka ce ba a kafa turke sai an karanta, to ni jikar wa? Zan je gidan da ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati, in kuma nemi hotunan da jirgin sama ya ɗauka na ƙasarku. Ba zan ja layi ko ɗaya ba sai na ga abin da aka rubuta a kan kufan, cikin ganuwa da bayanta.

Ka kwantar da hankalinka, ka ci abinci. Bilki ta ce in ba a tsaya a kanka ba, goro ne tuwonka.

Jikarka,
Lauratu

*

Marken Dutsi
8 ga Fabrairu, 1977

Lauratu,

Ina gaishe ku. Man zafi ya iso, yana aiki, Allah Ya yi albarka. Bilki kuma ta rage kai tsegumi.

Akwai layi ɗaya a takardarki da ya fi gwiwar ciwo. Kin ce sai kin duba cikin ganuwa da bayanta. Wato maganata ma sai an kai ta gidan takardu an ɗora a sikeli. Binciken da na ce, na wanda bai san wuri ba ne. Ni a garin nan aka binne cibiyata. Na auna ƙasar nan da sarƙa tun daga Ruwan Godiya har Yargoje kafin a haifi uwarki. An ba ki izini ki matsar da gini, magana ta ƙare, sai ki ce a dakata a ga ko tsohon ya ruɗe. Wannan kalma na sha jin ta a bakin yaran ofis, ban zaci zan karanta ta a tsakanin layukanki ba.

Ki kuma san dakatawar nan ba kyauta ba ce. Ranar kasuwar Mairuwa na haɗu da ɗan kwangilar, Alhaji Nata'ala. Ya tsai da mota ya leƙo.

Ya ce, "Malam, an ce kai ka riƙe mani aiki."

Na ce, "Ni wa, Alhaji? Akuyata ma ban iya riƙe ta."

Ya ce, "To jikarka. Katafilar nan haya na ɗauko ta, ga ta can tana zaune kamar amarya, ba ta daka ba ta shara."

Na ce, "Amarya ai ba a gaggauta ta."

Ya yi dariya, ya ce, "Ni fa Malam, ciki da waje duk ɗaya ne a wurina, ƙasa ce. A ba ni takarda kawai. In sabuwa ba ta zo ba, tsohuwar na hannuna, kuma ba zan bari damina ta same ni ban zuba harsashi ba."

Ya miƙo mani goro, na karɓa, don ban iya fushi da goro ba. Mutumin ba mugu ba ne, sauri ne kawai a jikinshi, kamar kowa yanzu. Amma kin ji abin da ya ce. Kowace safiya da kika yi kina kaɗe ƙurar fayil, turakun nan na nan a saiwar tsamiya.

Ki zana, ki aiko. Karatun ki yi shi daga baya in kina sha'awa.

Malam Almu

*

Marken Dutsi
12 ga Maris, 1977

Jikata Lauratu,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru, ba akasinta ba. In ciwo ne, ko naki ko na Abdulƙarim, a sanar da ni. Ni zazzaɓi ya ɗan kwantar da ni, Bilki ta ɗauke ni zuwa Ƙanƙara aka yi mani allura, na gudo kafin ta ankara.

Duk motar da ta taso daga Funtuwa sai na tambaya ko akwai saƙona. Yaran tasha har sun sa mani suna, in sun hango ni sai su ce ga Mai Jiran Kaduna. Ni ma na yi ofis, na san yadda ake yi. In ba a son a ce ma mutum a'a, sai a yi shiru har ya gaji ya ce ma kanshi.

Katafila ta bar Mairuwa. Ta share hanya daga bakin titi har ƙofar kufai, ta tsaya. Yanzu kullum in na karya sai in ɗauki buzuna in je gindin tsamiya in zauna har la'asar. Ba wai zan iya tare ƙarfe da gwiwa ɗaya ba. Ina dai so, in abin zai faru, kada ya samu Inna ita kaɗai.

Ban taɓa gaya ma kowa wannan ba, ban riƙe fuskarta ba. Na yi ƙoƙari har na gaji. Abin da na riƙe bai wuce bayan wuyanta ba, da wani ɗan zare baƙi da take ɗaurawa, da ƙanshin kalwa, don a goye na fi saninta. Mutumin da abin da ya gada na uwarshi ke nan, in aka ɗauke mashi wurin zama kusa da ita, me ya rage?

Na sake tuna abin da na rubuta maki a watan jiya. Na yi zafi. Harshena ya daɗe bai yi magana da wanda yake ƙauna ba, ya manta yadda ake yi. In shi ya sa kika yi shiru, ki yafe ma tsoho, ki rubuto ko da faɗa ne.

Kakanki,
Malam Almu

*

Kaduna
27 ga Maris, 1977

Zuwa ga Kakana,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Mu lafiya lau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba, ba kuma fushi ba. Jika ba ta fushi da kaka, sai dai ta rama. Na rubuta maka na yaga, na sake na yaga, don ban san ta inda zan fara ba. Abdulƙarim ne ya ce shirun ya fi maganar cutar da kai, kuma ya yi gaskiya.

Bari in fara da abin da zai sa ka yi barci. Takarda ta tafi wurin Alhaji Nata'ala. Katafila ba za ta shiga cikin ganuwa ba, tsamiya na nan. Amma ba za ta shiga filin yamma ba ita ma. An mai da makarantar arewa, kan marmarar da ke kusa da titi.

Ga dalili. A gidan takardu na samu rahoton wani Bature da ya zo ƙidayar haraji garinku kafin a haife ka. Ya kwatanta garin, ya ce yana da ganuwa da ƙofofi biyu, kuma arzikinsa rini ne. Ya ce karofin, wato wurin rinin, yana cikin gari, kewaye da wata babbar tsamiya. A ɗan zanen da ya haɗa da rahoton, ya sa alamar maƙabarta a waje, daf da ƙofar yamma. Na ce ko Bature ne bai gane ba, sai na nemo taswirar da aka yi bayansa, ita ma haka ta nuna. Na je na karɓo hoton jirgin sama na sa a ƙarƙashin madubi. Kaka, kewayen tsamiyar nan duk wasu baƙaƙen da'irori ne a jere, kamar ramukan tanda. Rijiyoyin rini ne da suka cike. Da an ɗora azuzuwa a kansu, da ƙasa ta zauna da ginin, da yaran mutane a ciki. Filin yamma kuwa, gonaki sun zo ta ko'ina sun tsaya a bakinsa cak, kamar an yanka da wuƙa. Fartanyar kowa ba ta taɓa tsallakawa ba. Masu noman yanzu ƙila ba su san dalili ba, amma iyayensu sun sani.

Ban ce na san inda Inna take ba. Takarda ba ta ambaci sunan kowa ba. Amma ban ga yadda za a binne mutum a tsakiyar karofi ana cikin aiki ba, ga maƙabartar gari a bayan ƙofa. Abin da ya hana ni barci shi ne, da na ja layin nan ranar da aka ce in ja, da yanzu an gama share filin yamma.

Wani rahoto na baya ya ce da garin ya tashi, Sabuwa marinan suka koma. Ƙila akwai sauran wanda ya ga zamanin.

Ka yafe mini in na taɓa abin da bai kamata in taɓa ba. Ban auna maganarka don ina shakkar ka ba. Na yi yadda ka ce ana yi ne.

Jikarka,
Lauratu

*

Marken Dutsi
6 ga Afrilu, 1977

Lauratu,

Takardarki ta iso, ina lafiya. Na gode da tsai da katafila.

Sauran maganar ban karɓa ba, ban kuma mayar ba. Baturen haraji kawunan masu rai ya zo ƙirgawa, ba shi ya binne Innata ba. Jirgin sama kuma bai sauko ya tambayi kowa ba. Gwaggo Larai ba ta taɓa yi mani ƙarya ba, ko ta wasa.

Zan je Sabuwa in gwiwa ta yarda. Kada ki rubuto sai kin ji daga gare ni.

Malam Almu

*

Marken Dutsi
20 ga Mayu, 1977

Zuwa ga jikata Lauratu,

Gaisuwa da sa albarka, gare ki da Abdulƙarim. Ki ce mashi na janye ƙara, ya riƙe ki da kyau. An yi ruwan shuka a nan, ƙasa ta yi sanyi, gwiwa ma ta ji daɗinshi. Ina cin tuwo, a gaya ma mai kai rahoto.

Na je Sabuwa. Motar ɗaukar hatsi na bi ta Ɗandume, na sauka kamar an daka ni a turmi. Na yi ta tambayar marinan Marke, aka yi ta tura ni daga zaure zuwa zaure, har aka kai ni wurin wani Malam Audi. Ya girme ni nesa, ba ya gani sosai, amma bakinshi bai tsufa ba.

Ya ce, "Ɗan wa?"

Na ce, "Ɗan Salihu mai jakai."

Ya ce, "Kai ne yaron da aka ɗauke boko, mata suka yi ta kuka kamar an fita da gawa?"

Na ce ni ne.

Ya lalubo hannuna ya shafa, ya ce, "To ka ga abin da bokon ya yi maka. Ka riga ni tsufa."

Muka sha fura, muka gaisa da matattu ɗaya bayan ɗaya, wane ya rasu, wane ma ya rasu. Sannan na tambaye shi ko an taɓa binne mutum a gindin tsamiya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "A karofi? Inda muke zagin juna tun hantsi? Wane mamaci zai samu barci a nan?"

Ban taya shi ba. Shi ma da ya ji haka sai ya bar dariyar.

Ya ce, "Shekarar murar nan ni ina saurayi, ina motsa ma babana baban rini. Mun gaji da miƙewa. Duk makarar da aka fito da ita ta gabanmu ake bi. Sai mu ajiye sanduna mu tashi tsaye, a sha kwanar tsamiya, a miƙe a fita ƙofar yamma. Wani lokaci ba mu gama zama ba wata ta taho."

Na ce, "Ka tuna ta Nana, matar Salihu?"

Ya daɗe yana juya kai. Ya ce, "Ɗan Salihu, in na ce na tuna na yi maka ƙarya. Sun yi yawa. Amma duk wanda aka ɗauka a garin nan, ta ƙofar nan ya fita."

Da na dawo ban shiga gida ba, kufai na wuce. Na nemi tudun da gidanmu yake, na gane shi da dutsen niƙan Gwaggo da har yanzu ke nan rabi a ƙasa. Na tsaya daidai inda ƙofar zaurenmu take, na dubi yamma. Lauratu, daga nan tsamiyar ce ƙarshen abin da ido ke gani. Lungun ya tafi ya tafi, ya karya a gindinta.

Kin san mata ba su bin makara. Gwaggo Larai a bakin zaure ta tsaya ranar, kamar kowace mace, tana kallo har aka sha kwana. Da na yi wayo na tambaye ta ina aka kai Inna, ta kamo hannuna ta kawo ni nan, ta nuna, ta ce, "Can." Ba ta yi mani ƙarya ba. Iyakar inda idonta ya raka ta ta nuna mani. Karofin kuwa ya riga ya mutu a lokacin, ban taso na gan shi ba. Mazan da suka ɗauki makarar suna nan da ransu a lokacin, amma yaro ba ya yi ma manya irin wannan tambaya, da na girma kuma na ɗauka na sani. Na tambayi tsofaffi a kan iyakar gonakin mutane a ƙasar hakimi uku, ban taɓa tambayar kowa wannan ba.

Daga nan na bi lungun yadda aka bi da ita, na sha kwanar, na fita ta inda ƙofar take, na shiga cikin sabarar. In mutum ya san abin da yake nema sai ya gani. Ƙasar ba shimfiɗe take ba kamar yadda na rubuta maki, 'yan tudunni ne a jere, duk sun kwanta hanya ɗaya. Inda ruwa ya zaizaye, ga bakin fasassun tukwanen da ake rufe kabari da su. Na tuɓe takalmi. Ban san wanne ne nata ba, ba kuma zan sani ba, sai na yi masu sallama gaba ɗaya. Wannan fili ne na ce a ba katafila, da hannuna, da babban rubutu. Na daɗe a tsaye, gwiwar ma ba ta ce komai ba.

Na tambayi liman ko addu'ar da na yi ta yi a bakin rijiyar rini ta tafi banza. Ya ce addu'a ba wasiƙa ba ce da sai an rubuta mata adireshi daidai. Na ji sanyi, ko da yake na lura yana danne dariya.

Alhaji Nata'ala ya fara aiki a arewa, yana ta mita wai marmara ta cinye haƙoran amaryarshi. Amma da ya ji labarin filin yamma, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Malam, da na kwashe mutane ban sani ba." Shi ya ba da motar da ta ɗebo mana bini-da-zugu. Mai unguwa ya ba da mutane, mun kewaye wurin da shinge, ni ina zaune ina ba da umarni, aikin da na fi iyawa. Shingen ya fara tsiro.

Abu ɗaya nake so ki yi a ofis. Duk abin da kika samo, rahoton da taswirar da hoton, ki haɗa ki sa a fayil ɗin, ki rubuta a sarari. Wata rana za a so a faɗaɗa makarantar, ni ba na nan, ke an yi maki canji, wani zai sauke gilashin mota ya ga fili.

Na biyu ba na ofis ba ne. In kin samu hutu ki zo. Na san ba za ki shiga ba, ba zan kuma ce ki shiga ba. Na sa an bar ƙofar shingen ta wajen wata aduwa mai inuwa. Ki tsaya nan inda zan riƙa hango ki, ni in shiga in yi sallamar mu biyu.

Kakanki,
Malam Almu